Yadda ake tunkarar batun bindiga a jirgin ruwan shaƙatawa kafin a ratsa tekun 'yan fashi

Ɗan yayata ya samu aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, irin mai tafiya da iska, wanda masu hali ke zagaya duniya da shi. Ranar da ya zo sallama Sakkwato, muna zaune a zaure bayan la'asar, tambayar farko da mahaifinsa ya yi ita ce: "Za su ba ku bindiga?" Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya san abin da mutanen Isa da Sabon Birni suka sha a hannun 'yan bindiga, dole ya yi wannan tambaya. Sai dai a teku bindiga ta fi saurin kai mutum kurkuku a kan ta cece shi, shi ya sa na tsara wa yaron matakan nan.

Da farko, ka tambayi kyaftin ɓaro-ɓaro ko akwai makami a jirgin, kuma da sunan wa aka yi lasisinsa. A tsakiyar teku, dokar ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta ce ke aiki. Da zarar kun shiga mil 12 na teku daga gaɓar wata ƙasa, kun shiga hannun dokarta, lasisin gida kuma bai da amfani a can. In an kama, ba kyaftin kaɗai ake tafiya da shi ba. A watan Oktoban 2013 Indiya ta tsare jirgin Seaman Guard Ohio da mutum 35 da ke ciki, aka yanke musu shekara biyar-biyar a 2016, sai a ƙarshen 2017 kotu ta wanke su. Waɗannan fa masu gadin jiragen ruwa ne da ma'aikatansu, aikinsu ke nan. Mu ma nan gida, sojojin ruwan Najeriya sun kama 'yan Rasha 15 da makamai a Legas a 2012.

Na biyu, ku rubuta duk ƙasar da za ku tsaya, ku nemi dokar kwastam ɗinta tun kafin a kwance igiya. Meziko ba ta wasa da wannan, harsashi kawai na iya jawo ɗauri.

Na uku shi ne bayyanawa, kuma nan ne mutane ke kuskure. In kun iso tasha, za a ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, alamar kuna jiran jami'ai. Ku faɗi makamin kafin a tambaye ku. A Bahamas sai an rubuta lambar bindigar da adadin harsasai daidai, ba ƙari ba ragi. Ka zuba su a kan tebur ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya, ka sake ƙirgawa. Wata ƙasar za ta rufe akwatin ƙarfen da ke jirgin ta manna hatimi, wata kuma ta karɓe makamin ta ajiye sai ranar tafiya, har ku dawo tashar da kuka shigo ku karɓa. Ka lura da abin da hakan ke nufi: a bakin gaɓa, inda ɓarayi suka fi hawa ƙananan jirage da dare, bindigar tana kulle.

Yaron ya ce, "To Kawu, in sun zo fa?" Na ba shi labarin Peter Blake, gwanin tseren jiragen ruwa ɗan New Zealand. A Disamban 2001 ɓarayi suka hau jirginsa a bakin kogin Amazon, kusa da Macapá a Brazil. Ya ɗauko bindiga ya harbi ɗaya a hannu, bindigar ta cije, suka harbe shi. Abin da suka kwasa bai wuce agoguna da injin kwale-kwale ba. 'Yan fashin Somaliya kuwa da AK-47 da roka suke zuwa, kwale-kwalensu ya ninka jirginku gudu sau uku ko fiye. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. A Fabrairun 2011 sun kashe Amurkawa huɗu a jirgin Quest alhali jiragen yaƙin Amurka na biye da su.

Saboda haka mataki na huɗu, wanda ni na fi yarda da shi: ku kauce wa hanyar. Maimakon mashigin Aden da ke kusa da Somaliya, a zagaya ta Afirka ta Kudu, ko a ɗora jirgin a kan babban jirgin dakon kaya a haye da shi.

In dole sai an bi, ku sanar da UKMTO, cibiyar sojojin ruwan Birtaniya da ke Dubai mai sa ido kan tsaron jirage a yankin, ku riƙa aika mata inda kuke kullum. A mashigin Gini, wato tekun Afirka ta Yamma, cibiyar MDAT-GoG ce ke wannan aiki. Lambar cibiyar IMB ta Kuala Lumpur mai karɓar rahoton fashin teku, wadda ke amsa kira dare da rana, a manna ta kusa da rediyo. A raba gadi, kada a bar sama ba kowa, kuma kada a sa hanyar tafiya a Facebook. In 'yan fashin sun riga sun hau, ka buɗe hannuwanka su gani, ka miƙa waya da kuɗi, kada ka zabura.