Ban Ruwa da Sa Taki ga Furen Okid

Yawancin okid da ake ajiyewa a gida, kamar irin da ake kira falanofsis, a jikin rassan bishiyoyi suke maƙalewa a daji. Ruwan sama ya jiƙa saiwarsu, iska ta busar da ita nan da nan. Shi ya sa ba a zuba musu ƙasar lambu a tukunya. Ɓawon itace ake sawa, ko gansakuka, ko ɓawon kwakwa, ko gawayi, kuma kowanne da yadda yake riƙe ruwa. Wanda ya ware rana ɗaya yana ba su ruwa duka, bai duba abin da ke cikin kowace tukunya ba, wasu za su mutu da ƙishi, wasu saiwarsu ta ruɓe.

A fara da duba saiwa. Tana da wani rufi mai kama da soso wanda yake tsotse ruwa. Idan ta ƙoshi sai ta zama koriya shar, idan ta bushe sai ta koma fari-fari mai ƙyalli. Tukunyar roba da ake ganin cikinta, mai huji da yawa a gindi, tana sauƙaƙa wannan dubawar ƙwarai.

Ɓawon itace

Shi ne mafi aminci ga mai koyo, domin ruwa ba ya zama a cikinsa. Yawanci sau ɗaya a mako ya isa, amma a lokacin zafi da busasshiyar iska yakan buƙaci sau biyu. Da safe ake bayarwa. A zuba ruwa sosai har ya riƙa zuba ta ƙasa, a bar tukunyar ta tsane sarai kafin a mayar da ita wurinta. Kada a bar ta zaune cikin ruwan da ya taru a faranti.

Sabon ɓawo ba ya shan ruwa, sai dai ruwan ya zame ya wuce. A jiƙa shi ya kwana kafin a dasa, kuma a makonnin farko a ƙara yawan ban ruwa. Tsohon ɓawo kuwa akasin haka ne. Bayan kamar shekara 2 yakan rududduge, ya toshe hanyar iska, ya riƙe danshi na kwanaki. A nan ne mutane da yawa suke asara, domin ba su canza komai ba amma saiwar ta ruɓe. Da zarar ɓawon ya yi baƙi, yana murtsukewa tsakanin yatsu, ko yana tsami, a sauya shi.

Gansakuka

Tana riƙe ruwa ninkin ba ninkin nauyinta, kuma samanta yakan bushe alhali tsakiya jagab take. Kada a yarda da abin da ido ya gani. A soka tsinke har tsakiya, a bar shi 'yan mintoci, a zaro. In ya fito da sanyi da danshi, a dakata. Sau da yawa kwana 10 zuwa 14 ne tsakanin ban ruwa. A lura kuma kada ta bushe ƙayau, don in ta ƙandare da wuya take sake shan ruwa. Duk shekara ake sauya ta.

Ɓawon kwakwa yana tsakanin waɗannan biyun, sai dai yakan zo da gishiri, saboda haka a jiƙa shi a sauya ruwan sau da dama kafin a dasa. Gawayi yana saurin bushewa. Okid da aka ɗaure a jikin katako ba tukunya, kusan kullum yake son ruwa.

Taki

Okid ba ya son taki mai ƙarfi. A nemi mai narkewa a ruwa, irin wanda aka rubuta 20-20-20 a jikinsa, a yi amfani da kashi ɗaya cikin huɗu na awon da aka rubuta. Misali, in an ce ƙaramin cokali ɗaya a lita 4, sai a sa rubu'in cokali. A fara jiƙa saiwa da ruwa zalla tukuna, domin taki yana ƙona busasshiyar saiwa. Na cikin ɓawon itace ana iya ba shi duk mako muddin yana fitar da sabon ganye ko sabuwar saiwa. Na cikin gansakuka a rage masa, saboda ita tana tara gishirin taki. Sau ɗaya a wata a kwarara ruwa zalla ya wanke tukunyar, ruwan sama in da hali. Farin ɓurɓushi a bakin tukunya da baƙin tsinin saiwa alamar gishiri ya taru ne.

Idan ganye ya yanƙwane, kada a yi gaggawar ƙara ruwa. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya sha, sai ganyen ya yi yaushi tamkar na mai ƙishi. A zare shukar a duba. Saiwa mai ruwan ƙasa, mai laushi, wadda rufinta ke saluɓewa ya bar zare, a yanke ta da almakashi mai tsabta, a dasa a sabon ɓawo. Ruwan da ya shiga tsakiyar ganye kuma a tsane shi da tsumma nan take, domin in ya kwana a wurin yakan ruɓar da kan shukar, kuma falanofsis daga nan kaɗai take fitar da sabon ganye.