Yadda zaka gane gwajin jinin ɗan uwanka idan sefsis ya taɓa masa huhu

Jama'a assalamu alaikum. Wannan rubutun na yi shi ne saboda 'yan uwanmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da sauran unguwannin Legas da Allah ya jarraba da jinya a sashen kulawa ta musamman, wato ICU. Kullum a miƙo maka takarda ace je ka biya ka kawo rizal, ka kawo, likita ya duba ya gyaɗa kai ya wuce, kai kuwa baka san gaba ake yi ko baya ba, ga 'yan uwa daga gida Arewa sai kira suke "Yaya ya jikin nasa, me likita yace?" kai kuma ba ka da amsa. Wallahi abin yana ci min rai, domin fahimtar lambobin nan bai kai wahalar da ake zato ba.

Shi sefsis ƙwayar cuta ce ke shiga jiki, ko ta nimoniya ko ciwon mafitsara ko miki ko bayan haihuwa ko tiyata, sai garkuwar jiki ta tashi faɗa har ta wuce gona da iri ta koma tana ɓata gaɓoɓin mutum da kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka kamu, miliyan 11 suka rasu. Idan ya sauka a huhu sai ƙananan jijiyoyin jinin wurin su fara yoyo, ruwa ya cika 'yan jakunkunan da iska ke shiga, huhun ya zama kamar soson da ya sha ruwa, mutum na ta jan numfashi amma oksijin baya ratsawa cikin jini. Wannan shi likitoci ke rubutawa ARDS a fayil, tun 1967 wasu likitoci a Amurka suka fara bayaninsa, kuma sefsis ne kan gaba wajen jawo shi.

Abu na farko, sayi ƙaramin littafi da biro. Duk gwajin da ya fito rubuta rana, lokaci, sunan gwajin da lambar. Idan kuna karɓa-karɓar jinya ne a bar littafin hannun wanda ke wurin. Dalili kuwa lamba ɗaya tilo bata faɗin komai sosai, inda ta dosa daga jiya zuwa yau shi ne labarin.

Sai oksijin, kuma nan zan daɗe domin nan aka fi ruɗewa. Zaka ga ɗan abin da aka maƙala masa a yatsa yana nuna 94 ko 95 sai hankalinka ya kwanta. To dakata, tambayi nas oksijin nawa ake bashi kafin ya kai wannan lambar. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ce oksijin, wanda ya kai 94 da kashi 30 da wanda sai da aka bashi kashi 80 ba ɗaya suke ba ko kaɗan. Shi yasa ake ɗibar jini a jijiyar wuyan hannu, daidai inda ake jin bugun zuciya, da 'yar siririyar allura, yana da zafi kuma dole a danne wurin na 'yan mintoci sannan a ruga da jinin zuwa na'urar gwaji tun bai jima ba. A takardar zaka ga PaO2, wato ma'aunin oksijin da ke cikin jinin. Ana raba shi da yawan oksijin da ake bayarwa, misali PaO2 80, oksijin kashi 40 wato 0.4, ka raba ya baka 200. Bisa ƙa'idar da aka tsara a Balin ta Jamus aka fitar a 2012, daga 300 zuwa sama da 200 ARDS mai sauƙi ne, daga 200 zuwa sama da 100 matsakaici, 100 ko ƙasa da haka mai tsanani. Ka rubuta wannan lambar kullum, idan tana hawa huhu na farfaɗowa.

Ba kowane asibiti ke da wannan na'urar ba, kuma kada hakan yasa ka ga kamar an yi sakaci. A 2016 an fitar da wata hanya daga binciken da aka yi a Kigali ta Ruwanda saboda irin asibitocinmu: a raba lambar yatsa da yawan oksijin, idan ta zo 315 ko ƙasa, ga hoton ƙirji ko sikanin ya nuna huhun duka biyu sun kamu kuma ba ciwon zuciya ne ya tara ruwan ba, to a ɗauke shi a matsayin ARDS. Sai dai a kula, na'urar yatsa takan ƙara lamba a kan baƙar fata, kuma yatsa mai sanyi, fentin farce ko baƙin lalle na iya rikita ta, don haka idan Hajiya ta sha lalle a nemi yatsan da ba shi da shi ko a maƙala a kunne.

Na gaba lakteti, wani sinadari ne da ake aunawa a jini. Yana hawa ne idan jini da oksijin basa isa sassan jiki yadda ya kamata. Sama da 2 abin lura ne, 4 zuwa sama kuwa gaggawa ce. Bayan an sa ruwa da magani akan sake gwadawa cikin 'yan awoyi, kuma dan Allah kada kace "ai ɗazu muka yi", wannan maimaicin yana cikin kuɗin da bana ganin asararsu.

Kalcar jini ita ce ake shuka jinin a kwalba don a gano wace ƙwaya ce da maganin da zai kashe ta. Ana so a ɗiba kafin a fara antibayotik, amma ba a jinkirta maganin don jiran rizal, domin yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, wani lokaci har biyar. A nan ina roƙonku ku faɗa wa likita gaskiya: idan an sayo kafso ko an yi allura a kemis kafin a zo, ko an sha jiƙo, a faɗa, a kawo kwalin ma. Maganin da aka riga aka sha yana iya hana ƙwayar fitowa, sai rizal ya zo babu komai alhali cutar na nan.

To sai CRP da PCT, waɗanda suka fi cin kuɗi da jawo gardama a bakin wod. CRP hanta ce ke yinsa idan akwai kumburi a jiki, yana da jinkirin tashi, yakan kai ƙololuwa wajen kwana biyu, saboda haka idan ka ga ya hau a rana ta biyu bayan fara magani ba lallai maganin ne ya ƙi ba. PCT, wato firokalsitonin, ya fi saurin tashi kuma ya fi karkata ga ƙwayar bakteriya, idan magani na ci yakan ragu kusan rabi a kowace rana. Amfaninsa babba shi ne taimaka wa likita sanin lokacin tsayar da antibayotik, misali idan ya sauka ƙasa da 0.5 ko ya faɗi da kashi 80 daga inda ya kai. Ƙa'idojin kula da sefsis na 2021 ma sun ce kada a dogara da shi wajen yanke shawarar fara magani. Kuma mu nan da sauro ya yi mana katutu, maleriya mai tsanani ita ma tana ɗaga PCT, tiyata babba ma haka, shi yasa ake haɗawa da gwajin maleriya. A ganina idan aljihu ya yi ƙasa, ka tambayi likita kai tsaye, "Dokta, wannan gwajin zai canza maganin da kuke bashi yau?" Likitan kirki ba zai ji haushi ba, zai faɗa maka wanda ya zama dole da wanda zai iya jira.

Kiriyatinin na ƙoda ne, hawansa ba alheri ba ne, ka riƙa duban jakar fitsari ma. Filatilet kuwa, wato ƙwayoyin jinin da ke taimakawa jini ya daskare, idan suka sauka ƙasa da dubu 150 ana sa ido, in suka yi ƙasa sosai ana tsoron zubar jini.

Akwai wasu sunaye da ɗanka ko ƙaninka zai binciko a intanet ya turo maka, irin su IL-6, IL-8, Ang-2, sRAGE da SP-D. Gaskiya ne masana na aiki a kansu, sRAGE da SP-D na nuna raunin fatar cikin huhu, Ang-2 na nuna yoyon jijiyoyi, kuma a 2014 bincike ya nuna masu ARDS sun kasu gida biyu, masu kumburi mai zafi da masu sauƙinsa, na farkon sun fi shiga haɗari. Amma har yanzu galibi a fagen bincike suke, basu zama gwajin yau da kullum ba, kada ka zaga Legas kana neman leb ɗin da zai yi maka su.

Idan ka shigo ka tarar an kifa majinyacin a kan cikinsa kada ka ɗaga hankali, magani ne, akan bar mai tsananin ARDS haka wajen awa 16 a rana don bayan huhu ya buɗe. In kuma asibitin da kuke ba su da na'urar numfashi kuma lambar oksijin na ta sauka, tun da wuri a fara maganar canja wuri. Asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja duk suna da ICU, amma likitanku ne zai kira ya tabbatar akwai gado kafin ku motsa, a karɓi takardar turawa da kwafin duk rizal. Kuma a motar asibiti mai oksijin da ma'aikacin jinya za a ɗauke shi, ba tasi ko Keke ba, domin go-sulon garin nan zai iya riƙe ku awa biyu a hanya. Lambar gaggawa ta Legas 767 ce ko 112.