Darasi na 11: Sanya Hoto a Bayan Allon Rubutun Waya

A darasin da ya gabata mun koyi aika saƙo. Duk wanda ya yi aikin gida ya lura cewa da zarar ya taɓa wurin rubutu, sai wani allo ya taso daga ƙasan fuskar wayar, baƙaƙe da wasula jere a kansa. Shi ne allon rubutu. Yara da masu gyaran waya suna ce masa kibod. Yawanci fari ne fat ko baƙi wuluk, amma ana iya shimfiɗa masa hoto a baya, haruffan su zauna a kan hoton.

Wani zai ce wannan ai wasan yara ne. Ni ban ɗauke shi haka ba. Wanda ya yi makarantar allo ya san zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ya kuma san cewa mai zayyana, duk gwanintarsa, ba ya barin ado ya hau kan rubutu. Haka za mu yi a wannan darasi. Za mu ƙawata allonmu don mu riƙa marmarin komawa kansa, amma kowane harafi sai ya fito sarai, domin mu masu koyo ne, da ido muke neman harafi kafin yatsa ya sauka.

Wane allo ne a wayarka?

Allunan rubutu iri-iri ne. Wanda za mu yi aiki da shi sunansa Gboard, na kamfanin Google, wanda ya fito a 2016. Shi ne ke zuwa a cikin wayoyin Android da yawa, kuma akwai Hausa a cikin harsunansa. Idan ka buɗe saitin allonka ka ga wannan suna, to ka huta. Idan wani ne daban, ka nuna wa malami ya duba maka. Masu iPhone su sani cewa allon da wayarsu ta zo da shi ba ya karɓar hoto, sai an sauke Gboard an ɗora.

Idan allon yana cikin wayar, hoton ma yana ciki, wannan aiki ba ya cin data ko kaɗan.

Zaɓen hoto

A nan ne aikin yake, don haka kada a yi gaggawa.

Akwai wata dattijuwa a wani aji da na koyar, ta zaɓi hoton jikanta ranar Sallah, yana sanye da farar shadda, yana tsaye a jikin farin bango da tsakar rana. Hoto ne mai kyau. Muka ɗora shi, ta tashi rubuta sunanta, sai na ga ta matso da wayar kusa da ido, ta ja ta baya, ta sake matsowa. Can ta ce, “Malam, baƙaƙen sun gudu.” Na ce, “Hajiya, suna nan, farar riga ce ta haɗiye su.” Haruffan da ke fitowa a kan hoto farare ne, fari kuwa ba ya ganuwa a kan fari. Sai da muka nemo wani hoton yaron da aka ɗauka da yamma a zaure, muka rage masa haske, sannan ta rubuta sunanta daga farko har ƙarshe ba ta tsaya ba.

Saboda haka a nemi hoto mai duhu-duhu, wanda launinsa bai cika yawa ba. Sararin sama bayan faɗuwar rana ya yi. Gonar dawa da damina ta yi. Baƙin rini mai ɗaukar ido, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, ya fi su duka a wurina, sai ka ga haruffa sun kwanta a kansa kamar an rubuta da alli. Atamfa mai zane barkatai kuwa, ko taron biki mai fuskoki 20, wahalar da ido kawai za su yi.

A kuma dubi siffar allon. Faɗinsa ya fi tsayinsa, bai ma kai rabin fuskar waya ba. Hoton da aka ɗauka waya na kwance shi ya fi dacewa. Wanda aka ɗauka a tsaye, dole a yanke wani sashensa, sai ka ga an bar mutum ba kai ko ba ƙafa.

Kada a sa hoton da ke da rubutu a jikinsa, haruffansa za su cakuɗe da na allo. Ayar Alƙur’ani kuwa, ina roƙon ku kada ku sa ta a nan ko kusa. Wuri ne da yatsa ke dukansa dare da rana, da hannu mai tsarki da marar tsarki, wani lokaci ma har banɗaki ake shiga da wayar. Haka nan a tuna, allon rubutu ba a ɓoye yake ba. Ka miƙa wa wani waya ya sa maka lambarsa, ya ga hoton. Mai gyara ya gani, na kusa da kai a mota ya gani. Hoton iyali da ba ka so idon bare ya faɗa kansa, bar shi inda yake.

Yadda ake ɗorawa

Buɗe wurin aika saƙo, ka taɓa gurbin rubutu don allon ya taso. A samansa akwai ’yan alamomi a jere. Nemi wadda ta yi kama da ’yar ƙafar inji mai haƙora, ka taɓa ta. Idan ba ka gan ta ba, ɗora yatsa a kan waƙafi, wato wannan alama (,), ka riƙe na ɗan lokaci, za ta fito.

Jerin kalmomin Turanci zai bayyana. Kada su ba ka tsoro, guda ɗaya kawai muke nema, mai haruffa 5: T, h, e, m, e. Wanda wayarsa ke kan Faransanci, kamar ’yan’uwanmu na Maraɗi da Damagaram, kusan haka zai gan ta, sai dai da ɗan ƙugiya a kan wasalin farko. Taɓa ta.

A can sama za ka ga akwati mai alamar tarawa (+), irin wadda muka koya a lissafi. Taɓa shi, hotunan wayarka su buɗe, ka zaɓi naka.

Yanzu hoton zai fito da wani fili mai kusurwa huɗu a tsakiya. Abin da ke cikin filin shi kaɗai zai hau allo. Da yatsa ɗaya ake jan hoto sama ko ƙasa. Da yatsu biyu ake ƙara masa girma ko a rage, a ware su ko a tsuke kamar mai ɗiban gishiri. In ya zauna yadda kake so, taɓa kalmar da ke ƙasa ta hannun dama, Next, ma’anarta a ci gaba.

Sai wurin haske. Za ka ga layi da ɗan ƙwallo a kansa. Ja shi hagu hoto ya yi duhu, ja shi dama ya yi haske. Ɗalibai sukan so su ja shi dama don a ga fuskar ɗansu da kyau. A’a, a ja hagu. Taɓa Done, wato an gama.

Kafin ka fita akwai wani ɗan makunni da ke sa wa kowane harafi nasa akwati. Kunna shi. Da shi za ka san inda b ya ƙare da inda n ya fara, yatsa ba zai riƙa zamewa gidan maƙwabci ba. Sannan taɓa Apply, wato a ɗora, ka koma wurin saƙo ka gani.

In bai yi maka ba, ba abin da ya ɓaci. Koma inda ka ga alamar tarawa, ka zaɓi wani hoto, ko ɗaya daga cikin launukan da ke ƙasa.

Kada a sauke allon da ba a sani ba

Za ku riƙa ganin talla a waya, ana nuna allo mai walƙiya da furanni, ana cewa kyauta ne. Wani yaro ma zai ce, “Baba, kawo in tura maka wani mai kyau.” A dakata. Duk abin da ka rubuta a waya ta kan allon nan yake bi: saƙonka, lambar asusunka, har lambar sirrin banki. Shi ya sa wayar Android da kanta take yin gargaɗi duk lokacin da za a kunna sabon allo. A watan Disamba na 2017 an gano cewa bayanan mutum fiye da miliyan 31 masu amfani da wani allo mai suna ai.type suna zube a intanet, ba ko makulli. Mutane ne da suka je neman ado. Tunda Gboard yana karɓar hoto, ba ka da buƙatar wani.

Gwajin haruffanmu

Hanya mafi sauƙi ta sanin ko hoto ya dace ita ce a gwada shi da haruffan Hausa masu lanƙwasa. Idan an sa Hausa a cikin harsunan allon, ɗora yatsa a kan k ka riƙe, ƙ zai fito. Haka d ke ba da ɗ, b ke ba da ɓ. Ɗan lanƙwasan nan ƙarami ne ƙwarai, shi ne abu na farko da ke ɓacewa a kan hoto mai hayaniya, alhali shi ke raba baki da baƙi, ya raba kafa da ƙafa. Wanda ya rubuta wa matarsa “baki sun zo” ta iya ganewa, amma mu da muke koyo, gara mu saba da rubuta shi daidai tun yanzu.

Aiki

Kowa ya ɗora hoto a allonsa. Wanda ba shi da babbar waya ya zauna kusa da mai ita, su yi tare, amma shi ma ya taɓa da hannunsa. Bayan haka a rubuta waɗannan jimloli a aika wa malami:

Baƙi sun sauka a ɗakin Baba.
Ƙafar ɗan akuya ta karye.
Ɓera ya ɓata buhun gero.

Sai ka miƙa wayarka ga na kusa da kai, ya riƙe ta nesa da ido kamar kamu biyu, ka ce ya nuna maka g, da r, da y. In ya tsaya lalube, koma ka rage hasken hoton. Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da wayarsa da caji, za mu koyi ƙara girman allon saboda masu raunin gani.