Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen tallata 'yan bayan Amurka ga kulob-kulob ɗin Ingila

Duk sanda aka buɗe kasuwar 'yan wasa sai mun sha abu ɗaya, ni dai na gaji wallahi. Yaro zai ga bidiyon minti uku na wani lamba biyar ɗan Amurka yana tsalle yana share bal da kai, an saka kiɗa a ƙasa, sai ya zo gidan kallo yana rantsuwa wai wannan ne maganin matsalar Man United ko Chelsea. Can gefe kuma wani ya ce a bar maganar, ai Amurkawa ba su san tamaula ba sai kwando. Dukkansu biyun ɓata suke, kuma ni na bi hanyoyin nan duka biyu na ga inda suke ɓullewa, shi ya sa nake wannan rubutu.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ɗaukar cewa idan babban kulob ya sayi yaro to shi ke nan ya iso. A watan Janairun 2016 Chelsea ta ɗauko Matt Miazga daga New York Red Bulls, yana ɗan shekara 20, dogo, ga faɗa, ga fasfon Poland da ya sauƙaƙa masa shiga. Ni a lokacin ban taɓa kallon wasansa guda ɗaya daga busa zuwa tashi ba, guntayen bidiyo kawai na gani a waya, amma na zauna a majalisa na ce wannan shi ne magajin John Terry. Akwai wani dattijo da muke kallo tare, mutumin da yake bin Chelsea tun zamanin Zola, ya ce min ɗana bi a hankali, ka ƙirga mutum nawa ne a gabansa tukuna. Na ɗaga masa murya a gaban yara, na ce Baba ƙwallon zamani ta wuce ku. Har yau idan na tuna kalmar nan sai na ji ba daɗi. Na je na kashe kuɗina aka buga min sunan yaron a bayan riga.

Me ya faru? Wasa biyu ya buga wa Chelsea a Firimiya, biyu rak, duk a watan Afrilun shekarar a hannun Guus Hiddink. Na farko da Aston Villa, Chelsea ta ci 4-0, na biyu da Swansea aka cire shi a hutun rabin lokaci, daga nan bai sake saka rigar a gasar ba. Conte ya zo, aka dawo da David Luiz, shi kuma aka shiga yawon aro da shi, Vitesse, Nantes, Reading, Anderlecht, Alaves, sai a 2022 ya koma gida FC Cincinnati. Kuma ka ji abin lura, a 2023 shi aka zaɓa gwarzon ɗan baya na MLS, babbar gasar lig ta Amurka, wato ba wai bai iya ba ne, wurin ne ba nasa ba a wannan shekarun. Ni kuwa sai da na tako har ƙofar gidan dattijon nan na ba shi haƙuri, bayan mun yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma na daɗe in na yi maganar ɗan wasa a majalisa ba mai ɗaukarta da nauyi.

Ba shi kaɗai ba ne. Man City ta ɗauki Erik Palmer-Brown daga Sporting Kansas City a 2018, bai buga musu wasan gasa ko ɗaya ba, aro ne har ya tafi. Arsenal ta ɗauki Auston Trusty daga Colorado Rapids a Janairun 2022, mutane suka yi ta murna ba su ma lura cewa mai kulob ɗin biyu ɗaya ne ba, Stan Kroenke, yaron ya tafi aro Birmingham City ya yi kyau, aka sayar da shi ga Sheffield United a 2023, daga can Celtic. DeAndre Yedlin ya haska da gudu a kofin duniya na 2014, Tottenham ta saye shi, wasan lig ɗaya ya yi musu, sai da ya je Sunderland aro sannan Newcastle ya fara zama ɗan wasan Ingila na gaske. Manyan kulob suna sayen irin waɗannan yaran ne kamar yadda ɗan kasuwa yake sayen hatsi da kaka ya ajiye, in farashi ya tashi a fitar, ba don a ci yau ba.

Abin da nake yi yanzu, kuma ban ce dole kowa ya bi ba, ba na buɗe baki kan ɗan baya sai na kalli cikakkun wasanninsa uku, kuma dole ɗaya ya zama wanda aka lallasa su. A wasan da aka ci ka ne ake ganin lamba biyar. Ina ɗauke ido daga bal in bi shi shi kaɗai, ina yake tsayawa in lamba biyunsa ya tafi gaba bai dawo ba, yana juyawa da sauri in an jefa dogon bal a bayansa, yana magana da na kusa da shi ko shiru yake, in an matse shi yana iya ba da fasin ko sai dai ya harba sama. Bayan haka sai in ɗauki biro in rubuta sunayen waɗanda suke gabansa a kulob ɗin da ake cewa ya je. In sun kai uku, magana ta ƙare. Shawarar Baba ce dai, da na ƙi ji a kyauta.

To sai dai bayan abin nan na faɗa ɗaya ramin, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na koma cikin masu cewa duk ɗan bayan Amurka shirme ne, kuma a kan Tim Ream na fi zafi. Mutumin nan ya zo Bolton daga Red Bulls a Janairun 2012, a kakar suka faɗi daga Firimiya, ya koma Fulham a 2015, ya hau da su ya sauka da su, ni kuma duk sanda aka ambace shi sai in ce ba gudu, ya tsufa, ɗan Championship ne, gasar da ke ƙasa da Firimiya. Da Fulham ta dawo Firimiya a 2022 na ce kafin Kirsimeti za a zaunar da shi a benci. Yana da shekara 35 ya riƙe bayan Fulham suka gama na 10 a hannun Marco Silva, ya je kofin duniya na 2022 a Qatar ya buga dukkan wasannin Amurka huɗu, har da wanda suka riƙe Ingila 0-0, Harry Kane bai ga raga ba. Ƙafar hagu, natsuwa, sanin inda bal zai faɗo kafin ya taso. Duk wannan yana nan tun da, ni ne raini ya rufe min ido.

Don Allah ku daina wannan rainin, ku da kuke zama a bayan benci kuna ihun wai ƙasar da take kiran ƙwallo da wani suna daban ba za ta haifi ɗan baya ba. Kun kalli wasan ƙarshe na kofin FA a Mayun 2025 ko ba ku kalla ba? Crystal Palace ta ci Man City 1-0, babban kofinsu na farko a tarihi, kuma cikin 'yan baya ukun da Oliver Glasner ya jera akwai Chris Richards, haifaffen Birmingham ta jihar Alabama, ba ta Ingila ba. Ku duba hanyar da ya bi, makarantar FC Dallas, Bayern Munich, aro a Hoffenheim inda ya samu wasa sosai, sannan Palace a 2022, kuma ko a can sai da ya sha benci da jinya kafin ya kafu, rauni ma ya hana shi zuwa Qatar. Kafin shi akwai Carlos Bocanegra a Fulham daga 2004, akwai Geoff Cameron da ya yi shekaru a Stoke daga 2012 yana buga duk inda aka saka shi, akwai Jay DeMerit da ya zo Ingila ba kulob ba komai ya fara daga ƙananan ƙungiyoyin da ba a nunawa a talabijin, ya ƙare da cin ƙwallo da kai a wasan da Watford ta doke Leeds 3-0 ta hau Firimiya a 2006. In ba ka san waɗannan ba to ka yi shiru ka saurara, ba laifi ba ne.

Wani kuskuren kuma shi ne zuba su a kwando ɗaya. Antonee Robinson a Milton Keynes aka haife shi, a makarantar Everton ya tashi, Wigan ya buga kafin Fulham ta ɗauke shi a 2020 bayan cinikinsa da AC Milan ya rushe a gwajin lafiya. Cameron Carter-Vickers ɗan Southend ne, tarbiyyar Tottenham. Sergino Dest a Holand aka haife shi, Ajax ta raine shi. Rigar ƙasa ce ta haɗa su da yaron da ya taso a MLS, amma makarantarsu ba ɗaya ba ce, kar ka kafa hujja da Robinson don ka tallata wanda bai taɓa taka Turai ba.

Ita MLS ɗin ma a san yadda take. Ba a faɗuwa daga gasar, saboda haka ɗan baya bai san tashin hankalin watan Afrilu ba inda kuskure ɗaya zai jefa kulob ajin 'yan dagaji, kuma akwai ƙayyade albashi, manyan kuɗin galibi kan 'yan gaba da masu raba bal suke tafiya. A tsarin da aka saba suna farawa wajen ƙarshen Fabrairu su gama a Disamba, to wanda aka saya a Janairu daga hutu yake zuwa ya tarar da mutane a tsakiyar yaƙi. Ni irin wannan ba na yanke masa hukunci sai ya yi atisayen share fage da kulob ɗin ya shiga sabuwar kaka.

Takardar izinin aiki kuma kullum sai an manta da ita. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, daga Janairun 2021 fasfon Poland ko na Jamus ba ya buɗe ƙofa kamar da, maki ake tarawa, 15 ake nema, ana duba wasannin da ka yi wa ƙasarka da ƙarfin lig ɗin da kake ciki. A 2023 an sassauta an ba kulob 'yan guraben da za su cike ba tare da makin ba, amma gurabe ne ƙalilan, ba kowane koci zai ƙona ɗaya a kan lamba huɗu na jiran ko-ta-kwana ba.

Girman jiki ba shi ne tsaron gida ba. Oguchi Onyewu, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ƙato ne na gaske kuma ya yi suna a Standard Liege, amma aron da ya zo Newcastle a 2007 bai wuce rabin kaka ba. Tarihin rauni ma a duba, Miles Robinson ana ta maganar tafiyarsa Turai jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a Mayun 2022. Sannan kar a sayi mutum saboda wasa uku na kofin duniya, lokacin farashi ya fi tsada kuma ido ya fi ruɗuwa.

In ka tambaye ni ina ya dace ɗan bayan da ya fito kai tsaye daga MLS ya sauka, zan ce Championship, wasa 46 a kaka, Talata da Asabar, ruwa da sanyi da 'yan gaba masu gwiwar hannu, ko kuma ya biya ta Beljiyam ko Jamus kamar yadda Mark McKenzie ya yi a Genk da Joe Scally a Gladbach. In kuma Firimiya ce kai tsaye to irin su Fulham, Palace, Brentford ko Bournemouth, inda in ya yi kuskure ranar Asabar zai sake samun riga a mako mai zuwa. Rigar nan da na buga a 2016 tana nan a ƙasan akwati, duk sanda wani yaro ya turo min bidiyon minti uku ya ce in duba masa sabon Terry, hotonta nake tura masa, sannan in tambaye shi wasa nawa ya kalla har aka tashi.