Yadda za ku riƙe ƙungiyar tattara bayanan unguwanni kuɗi ba su yanke muku ba

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe ƙungiyoyin da ke tattara bayanan unguwa, kamar yawan yaran da ba sa zuwa makaranta ko inda ruwa ke kwanciya in an yi sama, shi ne jingina da mai tallafi ɗaya tal. Ranar da ya juya baya shikenan.

Da farko ku zauna ku lissafa abin da aikin ke ci tsakani da Allah, har da albashin wanda zai wuni gaban kwamfuta yana gyara sunan layi ɗaya da aka rubuta kala uku, da kuɗin intanet da na ajiyar bayanai, saboda masu tallafi sun fi son sabon aiki, da wuya su biya sabunta tsoho, alhali bayanan da suka tsufa ba wanda zai yi aiki da su. Duk takardar neman tallafi ku sa wannan kason, kar ku ji nauyi.

Na biyu ku nemi inuwa. A Amurka akwai haɗakar irin waɗannan ƙungiyoyi mai suna NNIP, wadda cibiyar bincike ta Urban Institute ke kula da ita tun 1996, kuma da dama daga mambobinta a cikin jami'o'i suke zaune. Ofis da akanta in kun same su a gidan wani, an rage muku babban kaya.

Sai ku raba aikin gida biyu. Bayanan da kowa ke buƙata su zama kyauta, mutanen unguwar ne suka bayar ai. Amma in hukuma ko asibiti ko wata ƙungiya ta zo tana son bincike na musamman ko taswira ko horo, to a biya, kuma a rubuta yarjejeniya kafin a fara: wa ke da bayanan, kuma kuna da ikon wallafa sakamakon ko da bai yi wa mai biya daɗi ba. Wannan sharaɗin dan Allah kar ku sassauta shi. Sunaye da lambobin wayar mutane kuwa ba na sayarwa ba ne ko nawa aka taya.

Manhaja kar ta cinye ku, QGIS da OpenStreetMap na aikin taswira kyauta ne, KoboToolbox na tattara bayanai ma yana da tsarin kyauta.

Daga ƙarshe duk kwangilar da ta shigo ku cire wani abu ku ajiye gefe, har ya kai kuɗin gudanarwa na wata uku aƙalla, don kuɗin tallafi yakan makara bayan an sa hannu kuma albashi ba ya jira.