Yadda ake haɗa suwic biyu su riƙe ƙofar fita ɗaya da HSRP

Kowace kwamfuta a ofis adireshin ƙofar fita ɗaya tak ta sani, wato default gateway, inda take miƙa duk saƙon da zai fita waje. Idan suwic ɗin da ke riƙe da wannan adireshi ya mutu, intanet ya yanke wa kowa, ko da akwai wani suwic lafiyayye a gefensa. Maganin shi ne a ƙirƙiri adireshi na uku wanda ba na kowannensu ba, ɗaya ya riƙe shi, ɗayan ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana. A na'urorin Cisco ana yin haka da wata ƙa'ida tasu mai suna HSRP. Idan na'urorin na kamfanoni daban-daban ne, sai VRRP, wanda kowa ya yarda da shi.

A ce muna da suwic A da suwic B, duka masu iya rarraba hanya tsakanin VLAN (rukunonin da ake kasa kwamfutocin ofis a cikinsu), da kebul na tirank, mai ɗaukar VLAN da yawa lokaci ɗaya, a tsakaninsu. A VLAN 10, A zai ɗauki 192.168.10.2, B ya ɗauki 192.168.10.3, sannan 192.168.10.1 ya zama na tarayya. Shi kaɗai DHCP, mai ba kwamfutoci adireshi kai tsaye, zai riƙa raba musu a matsayin ƙofa, kuma a cire adireshi ukun nan daga waɗanda yake rabawa. Kunna ip routing a duka biyun, sannan a kan A ka rubuta:

track 1 interface GigabitEthernet1/0/48 line-protocol
interface Vlan10
 ip address 192.168.10.2 255.255.255.0
 standby version 2
 standby 10 ip 192.168.10.1
 standby 10 priority 110
 standby 10 preempt delay minimum 60
 standby 10 track 1 decrement 20

A kan B, adireshi ne zai canza zuwa .3, a bar fifikonsa a 100 na asali, a sa masa standby 10 preempt ba tare da jinkiri ba.

Layukan ƙarshen nan su ne zuciyar aikin, kuma su aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A HSRP ikon ƙwace ragama, wato preempt, a kashe yake tun daga masana'anta, saɓanin VRRP inda yake a kunne. Idan A ya mutu gaba ɗaya, B zai karɓa ko ba a sa komai ba. Amma idan A yana raye, kebul ɗinsa mai hawa zuwa rautar intanet ne ya tsinke, zai ci gaba da aika wa B sallamar da ke nuna yana raye, yana karɓar saƙonnin mutane yana zubarwa. Saboda haka layin track yake sa ido a kan fot 48, inda wannan kebul yake: da zarar ya faɗi, fifikon A ya sauko daga 110 zuwa 90, B mai 100 ya ƙwace. Ka lura da lissafin. Ragin asali 10 ne kawai, wanda zai bar su kunnen doki, 100 da 100, sauyin da kake jira ba zai tabbata ba.

Jinkirin daƙiƙa 60 kuwa yana da amfani musamman inda wuta ke yawan ɗaukewa. Suwic da ya tashi yanzu bai gama koyon hanyoyinsa daga OSPF, ƙa'idar da na'urori ke sanar da juna hanyoyi da ita, ba. In ya ƙwace ragama nan take, minti ɗaya na farko ba inda saƙo zai je. Kuma don Allah kada a jona su biyun a UPS ɗaya.

Sai a daidaita HSRP da STP, ƙa'idar da ke hana saƙo zagaye ba iyaka tsakanin suwic-suwic ta hanyar tsara su kamar bishiya mai tushe ɗaya. Suwic ɗin da ke riƙe da ƙofa shi ya kamata ya zama tushen bishiyar wannan VLAN, wato spanning-tree vlan 10 root primary a kan A, root secondary a kan B. In ba haka ba, saƙo zai fara zuwa B ya tsallaka tirank kafin ya isa A, kebul ɗin tsakiya ya cika a banza.

Don dubawa, rubuta show standby brief. A ya nuna Active da harafin P na preempt, B ya nuna Standby. Idan duka biyun suka ce Active, ba sa jin juna ne. Duba ko an bar VLAN 10 ta bi tirank, ko wani ACL (jerin dokokin tace saƙo) ya tare adireshin sallamarsu, 224.0.0.102 a UDP 1985, ko ɗaya yana siga ta 1 mai amfani da 224.0.0.2, ko kalmar sirrinsu ta bambanta.

A tsarin asali ana aika sallama duk daƙiƙa 3, a jira 10 kafin a ɗauka ɗan'uwa ya mutu. Ga masu kiran waya ta intanet wannan ya yi tsawo. Standby 10 timers 1 3 a duka biyun ya wadatar.

Gwaji kuma da hannu ake yi. Bar ping yana tafiya daga wata kwamfuta zuwa adireshin waje, zare kebul na fot 48, ƙirga amsoshin da suka ɓace, mayar da shi, ka jira minti ɗaya A ya karɓi abinsa. Daga nan kashe A ɗungurungum. A kwamfutar, arp -a ya ci gaba da nuna adireshin MAC na tarayya, 0000.0c9f.f00a (Windows na rubuta shi 00-00-0c-9f-f0-0a), a gaban 192.168.10.1, ko wane suwic ne ke riƙe da ragama.