Yadda nake ɗaura tsirkiyar raket ɗin badminton don kada ɗaurin ya zube

Idan ɗan wasa ya ce in sa masa fam 26 (fam shi ne ma'aunin ƙarfin jan tsirkiya), nakan fara tambayarsa wa ya ɗaura masa na baya, kuma da wane inji. Lambar da aka saita a inji ƙarfin jan tsirkiya ce a daidai lokacin da ake janta. Abin da zai rage a kan raket bayan an ƙulle kuwa, hannun mai ɗauri ne ke yanke shi.

Inji iri uku ne. Akwai mai sandar ƙarfe da nauyi, wanda ake sauke sandar har ta kwanta daidai, akwai kuma na lantarki. Waɗannan biyun suna ci gaba da ja ko da tsirkiya ta miƙe. Na ukun shi ne wanda ake juyawa da hannu: da ya kai lambar sai ya kulle ya tsaya cak, tsirkiyar kuma tana ta saki kafin a matse ta. Shi ya sa ɗaurinsa yakan fito da ɗan laushi. Wanda ya saba da fam 26 na injin hannu, 24 ko 25 nake sa masa a na lantarki.

Kafin ka zura komai, duba 'yan robobin da ke cikin ramuka. Wadda ta tsage ka canza ta, don bakin ramin zai yanke sabuwar tsirkiya. Duba kuma iyakar fam da aka rubuta a jikin raket ɗin, kada ka wuce ta. Sannan ka kafa shi a inji ya zauna daram, ba tare da ka matse firam ɗin har ya lanƙwasa ba.

Tsirkiyoyin tsaye 22 ne a yawancin raket. Daga tsakiya ake farawa, a yi biyu ko uku a dama, a koma hagu, a haka har gefe, don kada kan raket ɗin ya karkace. A nan ne aka fi ha'intar mutane. Mai gaggawa yakan zura tsirkiya biyu ya ja su lokaci guda. Ta kusa da inji za ta samu cikakken ƙarfi, ta nesa kuwa gogayyar rami ta cinye nata, sai ka ga raket wani wuri tauri wani wuri sako-sako. Ja kowace ita kaɗai, ka ba ta 'yan daƙiƙu ta gama miƙewa kafin ka matse. Ka kai mariƙin, wato abin da ke matse tsirkiya bayan an ja ta, kusa da firam iya yadda zai je, domin duk tazarar da ka bari a tsakani sakewa za ta yi. Mariƙin da ke kafe a jikin inji ya fi wanda ake maƙalawa a tsirkiyar kusa, don shi wannan yakan ɗan murɗe ya ja baya.

Na kwance, 21 ko 22, ina farawa da su daga ƙasa in yi sama, kuma ina ƙara musu fam biyu, wato wajen kashi 10 cikin ɗari. Dalili biyu ne. Suna ratsa na tsaye, sama da ƙasa, gogayya na rage musu ƙarfi. Sannan na tsayen sun riga sun danne kan raket ya yi faɗi, na kwancen ne ke maido masa da siffarsa. Yayin da inji ke ja, sa yatsa ka miƙar da tsirkiyar. In ka bar ta a lanƙwashe kamar baka, ranar da ta miƙe da kanta ɗaurin ya tafi.

Batun ƙulli biyu ko huɗu ana yawan gardama a kai. Mai biyu, tsirkiya ɗaya ce mai mita 10 ke zagaye raket duka. Mai huɗu, ana raba ta, na tsaye daban, na kwance daban. Ni na fi son huɗu, saboda ƙarin fam biyun nan yana zama inda na sa shi, ba ya zamewa zuwa na tsaye. Amma kowane ƙulli wurin asara ne, don haka tsirkiyar ƙarshe kafin ƙulli nakan ƙara mata fam biyu, kuma ba na sakin mariƙi sai ƙullin ya zauna.

Kauri ma na da tasiri. Yonex BG65 mai milimita 0.70 tana daɗewa ba ta tsinke ba, amma tana saurin saki. BG80 mai 0.68 ta fi ta riƙe ɗauri. Sabon ɗan wasa fam 20 zuwa 22 ya ishe shi, don ɗauri mai tsanani yana rage wurin da bugu ke daɗi a fuskar raket, sai mai ƙarfin wuyan hannu.

Ko an yi komai daidai, ɗauri yakan sauka kaɗan a kwanan farko. Buga tsirkiyar a tafin hannu ka riƙe sautin a kunne. Ranar da ya yi ƙasa sosai, lokacin canji ya yi ko ba ta tsinke ba. Kada a bar raket a but ɗin mota cikin zafin bazara. Idan kuma guda ta tsinke, a sa almakashi a yanke sauran nan take, daga tsakiya zuwa gefe, kafin jan ɓangare ɗaya ya karkatar da firam.